Fanka Na Juyawa, Allo Baƙi Ƙirin

Mu 'yan aji shida a Illela, kwamfuta ɗaya gare mu, wadda muka harhaɗa da tsofaffin kaya. Da ita muke shirin JAMB, tunda tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar. Ran nan muka kunna ta, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Kuɗin motar Sakkwato kuwa ya fi ƙarfinmu.

Muka duba wayar VGA, lafiya lau. Muka cire wuta, muka zare RAM, sai ga raminsa cike da ƙurar hunturu. Muka hure ta, muka goge haƙoransa da kilina, muka danna shi har ya yi ƙas. Allo ya haska!

'Yan uwa ɗalibai, kafin ku ce taku ta mutu, ku fara duba waya da ƙura.