Daga Kano zuwa Zermu, neman bakin Gizo

Hanyar Damagaram daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura, a tsallaka iyaka a Kwangwalam, a shiga Nijar ta Ɗan Barto, sai Matamai da Takeita. Abin da ya ɗora ni a kanta fim ɗin katun ne da wani matashi ɗan Zinder yake haɗawa a kan tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ya gama zana mutanensa, amma ya ƙi taɓa bakin Gizo sai an naɗo muryar kakarsa da ke Zermu, gabas da birni, cikin gundumar Mirya.

A Zinder ya zagaya da ni unguwar Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da tsofaffin gidajen Zango masu zane a bango. Zinder ce hedkwatar Nijar har 1926, kafin Faransawa su mayar da ita Yamai. A kasuwar Dole na lura ba haja yake kallo ba, leɓunan masu ciniki yake bi da ido.

Mun isa Zermu da la'asar, muka jira dare, sai da daka ya lafa, awaki suka kwanta. Ya rataya bargo a ƙofar ɗaki saboda iska, ya kafa waya ɗaya don murya, ɗaya a kan fuskar kakarsa.

"Kaka, ki yi kamar yadda kike yi mana muna yara."

"To ɗan nan, matso da fitilar," in ji ta.

Da ta zo kan maganar Gizo sai ta karkace baki, ta turo harshe gaba, ta fito da tsamin bakin nan da aka san shi da shi. In ya shirya ƙarya, girarta ce ke fara ɗagawa kafin kalma ta fito.

Da muka koma Zinder ya nuna mini aikin a kwamfuta, cikin manhajar Blender. Murya ake fara samu, zane ya biyo ta. A daƙiƙa ɗaya ta fim akwai hotuna 24; in kowane zane ya zauna a hotuna biyu, zane 12 ke nan. Yakan saurari jimla gaɓa-gaɓa, ya rubuta inda kowane sauti ya faɗa. Daga nan ya motsa kai da gira da kafaɗa, sannan muƙamuƙi, a buɗe ko a rufe. Leɓe ne na ƙarshe, da siffofin da ba su kai goma ba, kuma yakan sa siffar ta riga sautin da hoto ɗaya ko biyu, don baki yana shiryawa kafin ya furta.

"Malam, dubi nan," ya ce. A kan m da b da ɓ dole leɓe ya haɗe, aƙalla hotuna biyu, in ba haka ba ido ba ya gani. A "amma" da "babba" sai ya ƙara, haka dogon wasali. A kw da gw leɓe kan zagaye tun kafin wasalin ya iso. Jadawalin bakin da ke littattafan Amurka yana ɗora haƙori a kan leɓen ƙasa don f, alhali Bahaushe da leɓe biyu yake yin ta. Ya goge wannan siffa, ya zana ta kakarsa.

Ba a kan fako yake gini ba. Moustapha Alassane, mai haɗa fim ɗin katun wanda ya zauna a Tawa, ya koyi aiki wurin Norman McLaren a Kanada, ya fito da Bon Voyage Sim a 1966, kwaɗi ne 'yan wasansa. Daga baya ya yi Kokoa da 'yan tsana, a kan kokawar gargajiya. Ya rasu a 2015.

A motar komawa Kano na yi ta tunanin yaranmu da ke tashi da katun ɗin da aka ɗora wa Hausa a kan bakin da aka zana don wani harshe. Masu zane na Kano da Maraɗi da Zinder suna da manhaja kyauta a hannu. Abin da ke neman kuɓuce musu shi ne tsofaffin da suka iya tatsuniya. Duk mai kaka irin ta Zermu, ya je ya naɗi muryarta, ya ɗauki fuskarta, tun tana da ƙarfin yi.