Kotun da ba ta kira namiji ba

Mu nan a fim muka san Indiya: rawa, waƙa da soyayya cikin ruwan sama. Amma ƴan uwa, akwai wata Indiyar ta dandalin wasan kwaikwayo, wadda babu rawa a cikinta. Ita nake son in ɗan taɓa.

Vijay Tendulkar ya rubuta wani wasa da harshen Marathi, aka fara nuna shi a 1967. Ma'anar sunansa ita ce "A yi shiru, kotu na zama". Ƴan wata ƙungiyar wasa ne suka je ƙauye. Kafin jama'a su taru, sai suka ce bari su shirya shari'ar wasa don rage zaman jira. Wa za a tuhuma? Leela Benare, malamar makaranta, marar aure, mai yawan raha. Laifin da aka ƙaga mata: kisan jariri. Sannu-sannu wasa ya koma gaske, aka tono cewa tana ɗauke da cikin Farfesa Damle, mai mata da ƴaƴa. Ta nufi ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, Damle ko sau ɗaya ba ya fitowa dandali. Lauya guda, Sukhatme, shi ne mai ƙara, shi ne kuma mai kare ta. Matar alƙali Kashikar, wadda mijinta ke gwasalewa gaban mutane, ita ce ta ja Benare zuwa akwatin tuhuma. Wadda aka danne ta samu wadda za ta danne.

Alƙali ya ba ta daƙiƙa 10 ta kare kanta. Sai kowa ya sandare, Benare ta amayar da abin da ke ranta: rayuwarta tata ce, a aji ba ta taɓa cutar yaro ba, ɗan da ke cikinta kuma tana son abinta. Ƴan kotun ba su ji ba, mu ƴan kallo kaɗai muka ji. Aka yanke a zubar da cikin, aikinta ma ta rasa shi.

Wani zai ce ai ta sha kaye. Ni a ganina Tendulkar shaidu ya mayar da mu, kuma wanda ya ji ba zai ce bai sani ba. Ba cewa nake babu laifi ba. In laifi ne, na mutum biyu ne. A unguwanninmu, in ɗaliba ta yi ciki, har yara sun san sunanta. To nasa fa, wa ya taɓa tambaya?