Sudbury, Garin da Ya Koyi Wanke Hayaƙi

Daga Toronto a Kanada, tafiyar wajen kilomita 400 ce zuwa arewa kafin a isa Sudbury. Tun daga nesa bututun hayaƙin unguwar Copper Cliff ke tarbar baƙo. An gama shi a 1972, da tsawon mita 381. Yanzu ko ɗigon hayaƙi ba ya fita daga bakinsa, kuma wannan ne ya kai ni garin.

Arzikin Sudbury nikel ne da tagulla, waɗanda aka gano a 1883 lokacin da ake shimfiɗa layin dogo. Matsalar ita ce dutsen da ke ɗauke da su cike yake da farar wuta. A da, jibga shi ake yi a kan itace a fili a cinna wuta, ya yi watanni yana ci, har zuwa 1929. Hayaƙin ya ƙone ciyayi, ruwan sama ya kwashe ƙasar noma, duwatsu suka yi baƙi ƙirin. Har yau baƙin yana nan a gefen hanya, na taɓa shi da hannuna. Dubban tafkuna suka yi tsami, kifi ya ƙare a da yawa daga cikinsu.

Kamfanin haƙar nikel na Inco ya gina dogon bututun ne don garin ya samu numfashi, kuma ya samu. Sai dai dabarar irin ta mai share ƙofar gidansa ce ya tura sharar ƙofar maƙwabci: iska ta riƙa kai gubar nesa, tana sauka da ruwan sama a wasu wurare.

Abin da ya burge ni shi ne aikin da ya biyo baya. Kamfanin Vale, wanda ya sayi Inco a 2006, ya kashe kimanin dala biliyan ɗaya ta Kanada a kan aikin da aka kammala a 2018, ya rage hayaƙin farar wuta da kashi 85 cikin 100. Hayaƙin da ke tashi daga tukwanen narka ƙarfe, rumfunan ƙarfe ne ke kama shi tun a bakin tukunya. Daga nan a bi da shi cikin hasumiya inda ake yi masa feshin ruwa, ya huce, ƙura da burbushin ƙarfe su bi ruwa su sauka. Ragowar da ta tsere, wutar lantarki ce ke janyo ta ta manne a jikin faranti. Sai a busar da iskar, a ratsa da ita ta cikin wani sinadari mai sauya ta, a ƙarshe ta zama ruwan asid, irin wanda masu gyaran mota ke kira ruwan batir. Tankokin jirgin ƙasa ke kwashe shi zuwa kasuwa, inda masana'antu ke saye. Wato gubar jiya ta zama hajja.

Irin wannan na'ura ba a sayen ta a kanti. Dole masu zane su san zafin hayaƙin, da yawansa, da abin da ke cikinsa, domin asid mai ɗumi yana cin ƙarfe, kuma kuskure a zaɓen abin da za a yi bututu da shi kan jawo ɓarna babba. Shi ya sa masu masana'antu da yawa suka fi son hannu ɗaya ya zana kuma ya gina, don in an samu yoyo a san wanda za a kama.

Mutanen gari ma ba su naɗe hannu ba. Tun 1978 suke watsa garin farar ƙasa a kan tuddai don kashe tsamin, su bi da taki da irin ciyawa, tare da malaman Jami'ar Laurentian. Itatuwan da suka dasa sun haura miliyan 10. Na zaga bakin tafkin Ramsey da ke tsakiyar gari, na tarar da yara suna ninƙaya, kuma daga tafkin ne wani ɓangare na garin ke shan ruwa.

A 2020 aka daina amfani da dogon bututun, aka maye gurbinsa da wasu biyu masu tsawon mita 137 kowanne. Kamfanin ya ce rushe shi zai yi, kuma wasu 'yan garin ba su ji daɗi ba, domin da shi suke gane sun kusa gida idan sun dawo daga tafiya.