Ƙusa A Tiyon Birki

A wannan wata mun ajiye maganar karatun yara da muka saba yi a wannan shafi, za mu taɓa maganar mota, ko da yake idan mai karatu ya yi haƙuri zai ga yaran ba su yi nisa da zancen ba.

Daga aji maganar ta taso. Mu huɗu ne muke yi wa 'ya'yan jama'armu darasin yamma a nan Tamanrasset, bayan sun taso daga makarantar gwamnati. Ran nan wani yaro ɗan shekara 13 ya shigo da wayar yayansa, abin da muka hana tun tuni. Da muka karɓe, sai muka ga abin da ya tara masa abokai: wata baƙar mota ce ta Amurka, Dodge Charger ƙirar 1969, tana tsaye cik, amma tayoyinta na baya suna juyawa kamar injin niƙa, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Yaron ya ce, "Malam, direban nan birki ya taka ko wuta ya ba ta?" Muka dubi juna. Malami ba ya son a kama shi hannu sake a gaban ɗalibai, saboda haka muka ce masa ya zauna, gobe za a ba shi amsa.

Ga abin da muka gano. Irin motocin nan Amurkawa na ce musu motoci masu ƙwanji, yayinsu ya kama daga 1964, lokacin da Pontiac GTO ta fito, zuwa farkon shekarun 1970. Inji ne mai silinda 8, na lita 6 ko 7, ƙarfinsa duka yana tafiya ga tayoyin baya. Da su ake tseren miƙaƙƙiyar hanya ta mita 402, wanda ake gamawa cikin 'yan daƙiƙoƙi. To, taya mai sanyi ba ta kama kwalta sosai, don haka kafin a tashi sai direba ya murza na baya a wuri guda har su yi zafi su yi danƙo. Matsalar ita ce birkin ƙafa ba ya zaɓe, idan ka taka shi ƙafafu huɗun yake kamawa. Shi ne aka ƙirƙiro wani ɗan bawul mai aiki da lantarki, wanda suke kira layin lok, a ɗaura shi a kan tiyon da ke kai man birki ga ƙafafun gaba. Direba zai taka birki da ƙarfi, ya danna madanni da ke jikin sandar giya ya riƙe, sa'an nan ya ɗage ƙafa. Bawul ɗin ya rufe, man da ke gaba ya kasa komawa, ƙafafun gaba suna nan a ɗaure, na baya kuwa sun saku. Ya ba da wuta na ɗan lokaci, ya saki madannin, birki ya koma yadda yake. Masu ƙera shi suna gargaɗi kada a riƙe shi da daɗewa don yana zafi, kuma ba madadin birkin hannu ba ne. A 2015 kamfanin Ford ya sa irin wannan dabara a cikin Mustang tun daga masana'anta, ya ƙayyade ta ga daƙiƙa 15, ya kuma ce ta filin tsere ce kawai.

Abin ya yi mana daɗi, don kuwa darasin Pascal ne da muka yi a kwalejin horon malamai, wato ruwan da aka killace idan aka matsa shi ta gefe guda, matsin yana isa ko'ina daidai. Washegari muka kawo sirinji biyu da siririn tiyo, muka cika da ruwa, muka matse tsakiyar tiyon da yatsa, yara suka gani da idonsu. Da a nan muka tsaya, da mun tashi da yabo.

Sai dai ɗayanmu ya ce mu nuna wa tsohon bakaniken da ke gyara mana mota, ya ga abin mamaki. Dattijon nan ya zo garin nan tun zamanin da Turawa ke koro tsofaffin Peugeot 404 da 504 daga Faransa, su bi ta In Salah su sauka nan, su wuce In Guezzam da Assamaka su sayar a Arlit ko Agadas. Cinikin ya mutu a shekarun 1990 da rikici ya rufe hanya, amma motocin da suka maƙale a nan wasunsu har yau suna numfashi, kuma a hannun irinsa suke numfashin. Ya kalli wayar sau biyu, ya saurari bayaninmu, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malamai, ai toshe tiyon birki ba baƙonmu ba ne. Su da lantarki suke yi, mu da ƙusa."

Ya yi mana bayani. Idan robar silindar ƙafa guda ta mutu, mai yana yoyo, ga shi kana tsakiyar hamada, garin da ke kusa kilomita 200, me za ka yi? Idan ka bari man zai tsiyaye, ka taka birki ya tafi ƙasa babu komai. Sai ka kwance tiyon ƙafar, ka cusa kan ƙusa a bakinsa ka ɗaure, ko ka matse na robar da filaya. Ƙafa uku sun sami birki, ta huɗu ta zama 'yar rakiya. Bilhaƙƙi dabara ce da ta fid da mutane da yawa daga halaka, ba mu raina ta ba. Amma mai karatu ya lura da bambancin. Ba'amurke yana kulle matsin a ciki domin ƙafar ta kama, na daƙiƙa kaɗan, yatsansa a kan madanni, a filin da aka killace babu yaro babu raƙumi. Tamu ƙusar kuwa hana man shiga take yi, ƙafar ba za ta sake kamawa ba, kuma babu madannin da za a saka. Tana nan sai ranar da wani ya tuna da ita.

Muna cikin jinjina wannan sai dattijon ya nuna da haɓa, ya ce, "Ga ta can ma a taku, ƙafar baya ta dama."

Motar da yake nufi 504 ce mai kujeru layi uku, ta ɗaya daga cikinmu, amma dukanmu muke zuba mata mai, dukanmu muke hawa. Abokin namu ya sunkuyar da kai. Ashe wata bakwai da suka wuce aka sa ƙusar, a kan cewa ƙarshen wata za a sayi sabuwar silinda. Ƙarshen wata ya zo da kuɗin haya, na gaba ya zo da suna, na gaba da azumi. Ba za mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ya taɓa faɗa mana a kan shayi cewa birkin na son gyara, muka ce Allah ya hore, muka ci gaba da hira. Wani cikinmu ma ya tuƙa ta ya ji tana ɗan karkata idan ya taka, ya ce halin tsufa ne.

Abin da ya sa gabanmu ya faɗi shi ne, ranar Asabar mai zuwa muka yi wa yara shida da suka fi ƙoƙari alkawarin kai su Abalessa, kimanin kilomita 80 yamma da nan, su ga kushewar Tin Hinan, wadda Buzayen Ahaggar ke ɗauka kakarsu, wadda aka tone a 1925 aka kai ƙasusuwanta gidan tarihi na Bardo a Aljas. Iyaye sun yarda, wasu har sun yi soye-soye. A cikin wannan motar za mu zuba su.

Gardama ta kaure. Biyu suka ce wata bakwai ana yawo lafiya, kuma ai birkin gaba ne ke yin yawancin aikin, a tafi a hankali. Gaskiya ne na gaba ya fi aiki, amma yawon cikin gari da mutum biyu daban yake da mota cike da yara da jarkokin ruwa, inda nauyi ya koma baya, a hanyar da raƙumi ke fitowa daga kwari ba sallama. Dattijon bai sa baki ba, sai ya ce a loda mata buhunan siminti huɗu a bi shi bayan gari. A wani fili mai tsakuwa abokinmu ya kai ta gudun kilomita 60 ya taka birki da ƙarfi. Motar ta fizgi hagu, gindinta ya juyo, ta tsaya a karkace nesa da dutsen da muka ajiye alama. Da ya fito hannunsa na rawa. Babu wanda ya sake ta da gardamar.

Muka ɗage tafiyar, muka bi gida shida muna ba da haƙuri, kuma muka faɗi dalili yadda yake, ko da yake da nauyi. Wata uwa ta ce, "Malam, da ma da wannan kuka kai shi asibiti ranar da zazzaɓi ya kama shi?" Da ita ce, kuma ba mu da abin cewa.

Muka yi karo-karo. Ba a sami silindar a gari ba sai da aka yi saƙo arewa, ta ɗauki kwana 12. Dattijon ya ce a canza biyun na baya gaba ɗaya, ya zubar da tsohon man da ya yi baƙi, ya sa yaronsa yana taka birki shi yana fitar da iska ƙafa bayan ƙafa. Da ya ciro ƙusar ya miƙa mana, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Asabar ta uku muka je Abalessa. A hanyar dawowa, dab da Tit, garken awaki ya tsallaka, abokinmu ya taka birki, motar ta tsaya a miƙe. Yaron nan mai wayar, daga kujerar can baya, ya ce, "Malam, yanzu tamu za ta iya yin hayaƙin nan?" Muka ce masa taya guda kuɗin darasinsa ne na shekara, ya rufe baki ya miƙo gorar ruwa.