Zarton Zayyana Da Ma'abotansa A Akinyele

A ƙasar Hausa, tun zamanin kaka da kakanni, aikin itace gado ne. Ɗan masassaƙi shi ke gadon gizago, ya shiga daji ya sari ƙirya ya fafe turmi, ya sami marke ya gyara ƙota, ya tsaga aduwa ya fitar da allon da almajiri zai yi karatu da shi. Wanda ba ɗan gidan ba ne kuwa, iyakarsa ya je kasuwa ya saya. Da Turawa suka zo da zarto da ƙusa sai aka sami kafinta, amma shi ma don neman abinci yake yi. Abin da ba a saba gani ba shi ne magidanci mai sana'arsa, mai iyali, ya ƙarar da yinin hutunsa yana yankan katako ba don wani ya biya shi ba. To, akwai irin wannan mutum a Akinyele, arewa da birnin Ibadan, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Ya kamata mai karatu ya san wurin tukuna. Hausawa sun daɗe a Ibadan, wanda mutanen da ke kira Badun. A shekarar 1916 aka keɓe musu unguwar Sabo, kusa da Mokola, inda fataucin shanu da goro ya kafu. Da gari ya bunƙasa, Sabo ta yi kaɗan, sai jama'a suka yi ta bin kasuwanni zuwa Ojoo da Shasha da Moniya da Akinyele, duk a kan hanyar da ta nufi Oyo, wadda manyan motocin Arewa ke biyowa da shanu da albasa da tumatir. Ibadan kuma gari ne na katako. A nan cibiyar binciken gandun daji ta tarayya take, a unguwar Jericho, ga kuma kasuwar falankai ta Bodija, inda ƙarar injin tsaga ba ta yankewa daga safe har magariba.

Mutumin da ake magana a kansa haifaffen Sabo ne, ya haura shekara hamsin, aikinsa riƙe wa wani dillalin albasa lissafi. Kakansa na wajen uwa masassaƙi ne a ƙasar Katsina, amma shi bai taɓa ganinsa ba, abin da ya gada daga gare shi akushi ɗaya ne da uwarsa ta zo da shi Kurmi cikin kayan aurenta. Wata rana yana ratsa wurin masu sayar da kayan gwanjo na ƙasashen waje, sai ya ga wani ɗan inji mai faranti na ƙarfe da hannu mai lanƙwasa, ya yi kama da keken ɗinki, sai dai a gurbin allura akwai wani siririn zarto kamar tsinken tsintsiya. Mai kayan kansa bai san amfaninsa ba. Ya taya, aka sallama, ya ɗauko shi a bayan babur ya kawo gida. Uwargidansa ta dube shi, ta dubi injin, ta ce, "Malam, wannan kuma ɗinkin me za a yi da shi?"

Wannan inji, wanda su a can suka laƙaba wa suna zarton zayyana, aikinsa yanka mai lanƙwasa ne. Tsawon bakin zarton bai wuce inci 5 ba, ana ɗaure shi sama da ƙasa ya miƙe tsaf, yana hawa yana sauka sau ɗaruruwa, har fiye da dubu a minti guda. Haƙoransa ƙasa suke kallo, domin su riƙa danne katakon a kan faranti. Mai aiki ba ya motsa zarton, katakon yake juyawa da hannu biyu yana bin layin zanen da ya manna a kai. Babbar fasaharsa ita ce yankan ciki. A huda katako da ɗan ƙaramin rami, a kwance bakin zarton daga sama, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa, a yanke abin da ake so a tsakiya ba tare da an taɓa gefe ba. Aiki guda yana iya cin irin wannan kwancewa da ɗaurewa sau ɗari. Wanda ba shi da haƙuri, ranar farko zai bari.

Ba sabon abu ba ne a duniya. Garin Sorrento na ƙasar Italiya ya yi suna a aikin ƙawata katako da siririn zarto, kuma a ƙarni na 19 abin ya zama ruwan dare a gidajen Ingila da Amurka, inda ake da irinsa mai feda da ake takawa da ƙafa. A garin Dereham na Ingila an yi kamfanin Hobbies, wanda tun 1895 ya riƙa buga mujalla mako-mako yana raba wa ma'abota wannan aiki zane-zanen da za su yanka. Daga baya masu aiki da lantarki suka yawaita, irin na kamfanin Hegner na Jamus, kana wani Ba'amurke mai suna Patrick Spielman ya wallafa littafin koyon aikin a 1986. Abin lura shi ne, a Ingila da Amurka, yawancin masu yin sa ba kafintoci ba ne. Akawu ne, da malamin makaranta, da tsohon soja, masu neman abin da zai ɗebe musu kewa bayan an tashi aiki.

Watanni ya yi yana karya bakin zarto shi kaɗai, sai ya nemi wani tsohon kafinta Bayarabe da ke sayen falankai a Bodija. Wannan dattijo shi ya nuna masa cewa ba a tura katako da ƙarfi, ana barin zarto ya ci da kansa, in ba haka ba ya yi zafi ya tsinke. Shi ya koya masa ya taɓa bakin da yatsa bayan ya ɗaure, in ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar molo to ya ɗauru. Shi kuma ya rarrabe masa itatuwan Kurmi: obece, wanda Yarbawa ke kira arere, fari ne marar nauyi, shi ya dace da mai koyo, maɗaci ja ne mai kyan ido, loko, wato iroko, yana da ƙarko amma ƙurarsa tana damun hanci da fata, sai an rufe fuska. Ya gargaɗe shi kada ya yarda da ɗanyen katako, domin abin da aka yanka da damina yana iya tsagewa idan hunturu ya busa.

Sannu a hankali wasu suka taru. Akwai tela mai aikin babbar riga, da malamin makarantar allo, da wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da wani saurayi mai gyaran waya. Kowane da abin da ya kawo. Saurayin ne ke nemo zane a intanet ya buga a takarda, amma yawancinsu na barewar ƙasar sanyi ne da agogon coci, waɗanda ba su da masauki a ɗakin Bahaushe. Sai tela ya ɗauko aska takwas da tambari daga gaban riga, ya shimfiɗa su a takarda. Malam ya kawo irin zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Aka yanka dagi a ƙofar akwati, aka yi kujerar ɗora Alƙur'ani mai huda-huda kamar raga. A nan suka gane wata ƙa'ida da babu wanda ya faɗa musu, wato duk zanen da za a huda sai an bar masa 'yan gadoji masu riƙe tsakiya da gefe, in ba haka ba cikin harafi ya faɗo ƙasa a bar mutum da rami. Da rashin wutar lantarki ya dame su, tela da tsohon ma'aikacin jirgi suka ɗauki ƙafar wani mataccen keken ɗinki suka haɗa mata ɗan zarto, suka koma ga abin da Turawa suka bari shekaru aru-aru.

Injin kirki dai ɗaya ne, saboda haka sai aro. Suka ajiye sharuɗɗa uku, ba a rubuce ba. Inji yana mako guda a hannun kowa. Wanda ya karya baki ya mayar da biyu, domin samunsa wuya gare shi, wani lokaci sai an aika Ikko, ko a lallaɓa wurin maƙeran zinariya a sayi irin nasu. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, ba a ɓoye zane. Duk wanda ya ƙirƙiro sabo, ranar Lahadi zai kawo shi a kwafa. Wannan ya saba wa al'adar masu sana'a, inda kowa ke rufe asirinsa har ga yaronsa. Amma su ba kasuwa suke tsoron rasawa ba, don haka babu abin ɓoyo.

Bai tsira daga bakin mutane ba. A rumfar albasa ana ce masa babba da wasan yara. Wani ɗan'uwansa ya tuna masa cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma mutumin da ake damƙa wa lissafin dukiya bai kamata a gan shi da ƙurar katako a gemu ba. A ƙarƙashin wannan zargi akwai tsohon ra'ayin nan da ke ɗora fatauci da malanta a sama, ya ajiye aikin hannu a ƙasa. Shi dai bai yi gardama da kowa ba. Abin da ya sani shi ne, shekara talatin yana rubuta buhunan da ba nasa ba, waɗanda kafin mako ya zagayo an cinye su, ba ya da abin da zai nuna ya ce ga aikin hannunsa. Amma akwatin da ya yanka yana nan, ana iya ɗauka a juya.

A watan Fabrairu na 2021 aka gwada wannan zumunci. Rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha tsakanin Hausawa da Yarbawa, bayan wata 'yar hatsaniya da ta jawo mutuwar wani mai gyaran takalma. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar, gwamnoni daga Arewa suka zo jaje. Jama'a da yawa suka watse, wasu suka koma gida, wasu suka matsa gaba a kan hanyar Oyo. Shi ma ya kwashe iyalinsa, littattafan lissafinsa kuwa wuta ta cinye. A wannan mako inji yana hannun tsohon kafinta, tare da jakar da suke tara zane-zanensu duka.

Masu ba shi shawara suka ce ya fid da rai, wanda ya tsira da wuyansa ba ya tambayar hula. Shi kuma kunya ta hana shi aikawa, don kada dattijon ya zaci ana tuhumarsa. Can kuma kafinta yana jin nauyin zuwa, bai san da wace fuska za a karɓe shi ba. Haka aka yi makonni kowa yana jiran kowa. Ranar nan sai ga shi a Keke Napep, ya sha tambaya kafin ya gano sabon masaukin. Ya sauke inji an shafe shi da mai, ga jakar zane a naɗe cikin leda, ga baki biyu sababbi a ƙunshe a takarda. Ya ce, "Alhaji, ga kayanka, na karya ɗaya." Maigidan ya ce, "Baba, ai ba a wuce makonka ba, tunda ba a zauna ranar Lahadi ba."

Wanda ya san tarihin Sabo ba zai yi mamaki ba ƙwarai. Wani masani mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta Yarbawa shanu bashi, ba takarda ba sa hannu, sai amanar maigida da dillali. Ashe tun asali abin da ya riƙe zaman baƙo a wannan gari shi ne a ba ka kaya ka dawo da su. Masu zarton zayyana ba su karanta littafin ba, amma a kan wannan turba suke, sai dai su babu riba a tsakani. Kasuwa tana iya haɗa mutanen da ba sa ƙaunar juna, domin kowa yana bukatar kowa. Abin da ya fi wuya shi ne a sami dalilin zama tare wanda ba na kuɗi ba, kuma irinsa ne ke saura idan rumfuna sun ƙone.

Ba duka suka dawo ba. Tela ya koma Arewa, ya bar musu zane-zanensa da keken da aka juya. Sauran suka ci gaba, kuma wata sabuwar muhawara ta taso a tsakaninsu. Mutane sun fara tambayar kuɗin kujerar Alƙur'ani da akwatin lefe, saurayi mai gyaran waya yana ganin bai kamata a bar arziki yana wucewa ba, ga tsadar katako, ga tsadar rayuwa. Yana da hujja, domin ƙasar Yarbawa kanta ta ga yadda sassaƙa ta ɗaukaka Lamidi Fakeye, mutumin Ila Orangun, wanda ya rasu a 2009 bayan aikinsa ya zagaya duniya. Dattawan kuwa suna tsoron ranar da ciniki ya shigo, ranar ce wani zai fara ɓoye zane. Suka tsaya a kan cewa kowa yana iya sayar da abin da ya yanka, amma zane na kowa ne, kuma makon aro ba ya ƙaruwa don wani ya karɓi aikin kuɗi.

Yanzu akwai yara uku da ke zuwa kallo, biyu Hausawa ɗaya Bayarabe, an fara ba su guntayen obece suna koyon bin layi da zarton hannu. An gaya musu sharuɗɗan nan uku tun kafin a bar su su taɓa inji, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suna kuma tara kuɗi kaɗan-kaɗan don sayen inji na biyu. An riga an yi shawara cewa idan ya samu, shi ma zagayawa zai riƙa yi, mako-mako, daga wannan gida zuwa wancan.