Gidan Zoo na Kano: ranar kaka da jika

Duk ma'abocin finafinan Hausa ya san Titin Gidan Zoo a Kano, ko da bai taɓa taka shi ba. Nan ofisoshin furodusoshi da situdiyo suka yi yawa, nan kuma samari ke zarya ko Allah zai sa su yi ido biyu da wani jarumi. Amma fa, mai karatu, da yawa cikin masu zaryar nan sun manta da gidan da ya ba titin suna. To, yau can muka nufa, kuma ba da 'yan fim ba, da tsofaffi biyu da 'yar jikarsu mai shekara biyu.

An kafa gidan namun dajin ne a farkon shekarun 1970, zamanin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Sunansa gidan ke amsawa, kuma a zamaninsa aka gina madatsun ruwan Tiga da Bagauda. Ka ga ke nan da yawa cikin kakannin yau sun shiga gidan nan tun suna 'yan makaranta. Lokacin wurin bayan gari ne. Yanzu kuwa gari ya zagaye shi ta ko'ina, ga shaguna, ga A Daidaita Sahu, ga katafaren kantin Ado Bayero da aka buɗe a 2014. Kana shiga ƙofa sai hayaniyar titi ta ragu, inuwar manyan bishiyoyi ta karɓe ka.

Me ya sa muka zaɓi nan? Dalilin shi ne ƙiwa. A da, in yaro ya isa yaye, gidan kakarsa ake kai shi, ya sha kunu a hannunta, ya kwana a bayanta, su shaƙu. Yanzu mu mazauna birni a gida muke yaye, kakanni suna ƙauye, sai Sallah ko biki ake haɗuwa. Da Baba da Inna suka zo mana bayan an gama girbi, da ɗan buhun gero da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, yarinyar tana ganinsu ta ƙwala ihu ta ɓuya a bayan uwarta. Kwana uku ana lallashi, ko hannu ta ƙi miƙawa. Inna tana dariya tana cewa kishiya ce, dole ta yi mata rowar gaisuwa, amma kowa ya ga abin ya taɓa ta. Tsohuwa ta sha doguwar hanya don jikarta, jika kuwa ta ɗauke ta baƙuwa!

A cikin ɗaki yaro yana da wurin gudu. A gidan zoo kuwa abin kallo ne ke ɗauke masa hankali, har ya manta hannun wa yake riƙe da shi. A gaban kejin jimina abin ya fara. Yarinyar ba ta hango komai daga ƙasa, Baba ya sunkuya ya ɗora ta a kafaɗa, ba ta ce uffan ba, idonta na kan dogon wuyan nan. Da muka isa wajen kura, sai Inna ta karɓe zance, domin kurar da take ba da labarinta a tatsuniya ce ga ta a fili, tana kai da komowa. Baba kuma ya shiga ba mu labarin gardawa masu wasa da kura da suke zuwa kasuwar ƙauyensu da takunkumi da sarƙa. Wajen birai ne aka fi daɗewa. Kada kuwa bai burge ta ba, don ya kwanta kamar gungume.

Mu iyaye aikinmu ɗaukar kaya. Dama al'ada ta hana mutum rawar kai da ɗan fari a gaban iyayensa, kuma wannan kunyar ta yi amfani ranar. Da muka ja baya, sai fili ya zama na kaka da jika, da wasan nan nasu da kowa ya sani: Baba yana kiranta amaryarsa, Inna tana cewa ba za ta ba ta aron mijin ba.

Ga mai niyyar irin wannan fita, ga abin lura. Tsoho da ƙaramin yaro tafiyarsu ɗaya ce: a hankali, da yawan tsayawa. Gidan yana da faɗi, kada ka ce sai an ga komai. Ku je da safe kafin rana ta take, ku fito kafin azahar. Ku riƙe ruwa, da tabarma, da zanin goyo, da ɗan abin taɓawa, don yunwar yaro ba ta jira. Lokacin sanyi ya fi daɗi, amma in hazo ya yi yawa a rufe wa yaro kai da ƙirji.

Ranakun Sallah kuwa, a bar wa samari da 'yan mata. Cunkoson ba na tsoho ba ne. Kuɗin shigar da aka tara a ƙaramar Sallar 2019 ne fa aka yi ta yayata cewa goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 daga ciki, har Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na watan Oktoban shekarar, lokacin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan har sai da aka shawo kansa. Namun daji ba 'yan wasa ba ne. Kada a bar yaro ya zura hannu a keji, ko na biri ne, kuma kada a sake shi ya yi gaba shi kaɗai.

Abu na ƙarshe, hoto. Kowa yanzu da waya yake ɗauka, ya bar shi a ciki har wayar ta lalace. Tsofaffi ba haka suke so ba. A wanke musu ko guda biyu ne a kati, su tafi da shi. Inna za ta sa nata a ƙarƙashin murfin kwalla, duk maƙwabciyar da ta shigo sai an nuna mata. Kafin su koma ƙauye yarinyar ta fara bin Baba har bakin ƙofa in zai tafi masallaci, tana kuka sai an tafi da ita. Wanda Allah ya bar masa iyaye da rai har suka ga 'ya'yansa, kada ya bari ziyararsu ta ƙare a zaman falo da kallon fim. Allah ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya raya mana zuri'a.