Maganin da ake ajiye wa bos ɗin ƙarshe

Duk mai buga gem irin na labari, wanda ake ba mutum jarumi ya yi ta yawo da shi gari-gari yana yaƙi yana tsintar kaya, ya san wannan ciwo. A samu abu mai daraja, a jefa a jaka, a ce sai ranar wuya. Ranar wuyar ta zo, a ce ai ba ita ba ce tukuna.

A cikin Final Fantasy VII, wanda kamfanin Square na Japan ya fitar a 1997, akwai wani magani wai shi Megalixir. Guda ɗaya ya isa ya cika wa mayaƙa jininsu da ƙarfin sihirinsu baki ɗaya. Amma bos zai yi ta jibgar mai wasa, a kashe shi ya sake, a kashe shi ya sake, ya ƙi taɓa maganin. Har ya kayar da Sephiroth, sunayen ma'aikata su fara hawa a talabijin, maganin na nan a jaka. Haka Master Ball a Pokémon na 1996: ɗaya tak ake bayarwa, kuma ba ta kuskuren kamu. Mutum nawa suka gama wasan ba su jefa ta ba?

Wasu za su ce rowa ce. Ina! Tsoro ne. Mai kallon fim ya san an kusa tashi da zarar akta da bos sun yi gaba da gaba. Shi kuwa mai gem bai san ƙarshen labari ba, don haka kowane bos ya gani sai ya ɗauka akwai yayansa a gaba.

Shaidar haka na cikin Dark Souls na 2011. A can, tulun magani mai suna Estus yana sake cika duk sanda jarumi ya huta a bakin wuta. Shi ke nan fa, masu ɓoyon nan suka saki jiki suna ta kwankwaɗa, tunda sun san ba ƙarewa zai yi ba.

Gaskiya ne, ba a fafe gora ranar tafiya. To amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Mai ɓoyo ya ƙona awoyi yana maimaita faɗa ɗaya, kayan da ya tara kuwa ba sa bin sa zuwa wani gem ɗin. Idan bos ya matsa, a buɗe jaka kawai.